Wa ya taɓa shuka furen ranonkul a tukunya nan Maraɗi? Guda 4 sun ruɓe min

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina wuninku, ya gida ya yara ya ƙarshen damina. Don Allah ina neman wanda ya san kan fure ya taimaka min, ni sabuwar shiga ce, ban taɓa shuka komai ba in banda na'ana'a da albasa mai lawashi a tsohon bokiti. Yayata ce ta je sarin kaya Istambul ta dawo min da wani ɗan fakiti na irin fure don ta san tun da muka koma sabon gida nan unguwar Zariya nake ta surutun ina son in ƙawata tsakar gida. A jikin fakitin an rubuta Ranunculus asiaticus, hoton da ke kai kuwa wallahi sai wanda ya gani, furen cike yake dam bisa-bisa kamar an nannaɗe takarda mai laushi, akwai ja akwai fari akwai ruwan ɗorawa. Amma da na farke ledar sai na ga wasu busassun abubuwa guda 16, baƙi-baƙi masu ƴan yatsu kamar ƙaramin nonon ayaba da ya bushe, har na ce mata Yaya anya ba a cuce ki ba kuwa.

To farkon Satumba na ɗauki 4 na gwada. Na jiƙa su tun dare har safe yadda muke yi wa wake, na samu baƙar tukunyar roba irin ta masu saida ƴan itatuwa a bakin titi, na cika ta da ƙasar da aka ɗebo min daga bakin gulbi na haɗa da kashin tumakin gidanmu, na binne su na aje a tsakiyar rana ina ba su ruwa safe da yamma, ga ruwan sama ma ya sauka a kansu sau biyu. Sati 3 shiru ko ɗan tsiro babu. Da na gaji na tona sai wari ya buge ni, sun narke sun zama kamar ruɓaɓɓen dankali.

Yanzu saura 12 kuma tsoro nake ji in taɓa su. Yaushe ya kamata a shuka? Ƴan yatsun nan sama za su kalla ko ƙasa, don ni a kwance na sa su? Ruwa fa, sau nawa? Ko dai abin ba ya yi a ƙasarmu ne gaba ɗaya in haƙura? Maigidan sai dariya yake min wai na shuka kanumfari ina jiran fure. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Na Bakin Kasuwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai gaskiya zan faɗa miki ko ba daɗi, furen Turawa da zafin Maraɗi ba su haɗa hanya ba. Garin da a watan Afrilu ake haura digiri 40 mutum ma da kyar yake numfashi balle wani fure mai laushi kamar takarda. Ki nemi ƙariya ki sa a tukunya, ko ki manta da ita wata guda ba ruwa tana nan kuma za ta yi miki fure ja mai kyau, ko buganbil ki jingina ta da katanga shekara biyu ta rufe miki bango. In kuma ta ni za ki bi, zogale gindi 3 a bayan ɗaki ya fi duka, aƙalla a yi kwaɗo a ci. Sauran 12 ɗin ki aje su a kwaba na tarihi kawai hhhh.

Mai Garka ya rubuta:

Salamu alaikum. Ɗiyata sannu da ƙoƙari, kar ki saurari Na Bakin Kasuwa, shi komi in ba a ci nai to ba shi da anfani gare shi.

Ni garka ta aikina tun ina yaro, wajen Jiratawa ni ke, salati da karoti da shu (kabeji) da kwambitar (dankalin Turawa) duk mun noma. Huren ga naki na taɓa riƙon shi shekara biyu a gidan wani bature da ni ka yi ma aikin jardan, shi ka kawo irin daga ƙasarsu, to abin da idona ya gani shi za ni hwaɗa miki.

Ba ƙasarmu ta ƙi shi ba tukuna, lokaci na kinka ɓata. Ki tambayi kanki, wa ya taɓa shibka kwambitar ko salati a Maraɗi cikin Satumba, ƙasa da zahi da ruwa kamar tukunyar dambu? Babu. Jira mu kai sai ɗari ya sauko. Wanga hure ya hi kwambitar son sanyi nesa ba kusa ba. Saiwar tashi da kinka gani busassa ba matatta ba ta, kwana ta kai, kuma sanyi da ƴar laima ka tada ta. In ta samu ruwa alhali ƙasa na da zahi ba ta tashi, sai ta sha ruwan ta kumbura ta ruɓe. Shi na abin da ya samu naki guda 4. Kuma kin haɗa musu abu ukku bayan zahin: kin jiƙa su kwana guda, kin sa su cikin lakar gulbi mai riƙe ruwa, kin zuba musu ɗanyen kashin tumaki wanda shi kanshi zahi gare shi. Ga baƙar roba cikin rana, da azahar ki taɓa jikinta ki ji, ƙwai ma sai shi dahu.

Jiƙo awa 3 zuwa 4 ya isa, cikin ruwan randa ba na pampo da ya sha rana ba. Za ki ga sun kumbura sun kusa ninka girmansu, to ki tsame su. Yatsun ƙasa su ka kallo, ɗan kan nan mai kamar gashi-gashi inda yatsun sunka haɗe shi ka kallon sama, nan tsiro ka hitowa. Zurhi kamar gaɓa biyu ta yatsanki, santimita 4 zuwa 5, kar ki wuce. In ɗan yatsa guda ya karye ba komi, ki shibka hakanan.

Tukunya ta ƙasa za ki nema wajen masu ginin tukwane, ki ce a huda miki gindinta huda 3 ko 4, in wadda anka riga anka gasa ta ki bi a hankali da ƙusa kar ta tsage. Mai hwaɗin baki kamar taƙi guda da rabi, guda 3 za ki sa ciki, 4 in ta yi yawa, da tazara tsakaninsu kamar hwaɗin tahin hannu. Na san za ki ce tukunyar ta yi musu yawa, bari su yi ganye ki gani. Ƙasa kuwa ki haɗa rairai kashi biyu, ƙasar garka kashi guda, da taki wanda ya shekara ya ruɓe ya koma baƙi ba ya wari kashi guda. Ki gwada, ki zuba moɗa guda ta ruwa, in bai hito ta gindi nan da nan ba to ki ƙara rairai. Ki ɗora tukunyar bisa bulo, don gara da kuma ruwan shi samu wucewa.

Maganar ban ruwa nan mutane ka kashe shi. Ranar da kinka shibka ki jiƙa ƙasar sau guda ki ƙyale, har sai kin ga tsiro sai dai ɗan yayyahi in saman ya bushe ƙarau. In ya yi ganye ki riƙa sa yatsa cikin ƙasar, kin ji laima ki bari sai gobe, kin ji bushewa ki ba shi da sassahe a gindi ba bisa ganye ba. Cikin hunturu tukunyar ƙasa na saurin bushewa, yau da gobe sai yatsanki shi gane mata.

Rana kuma ta sahe kawai. Ki nemo gehen gabas na gidanki inda rana ka bugawa daga hitowarta zuwa ƙarhe 10 ko 11, daga nan inuwa. Ki kahe mishi ɗan zana ta inda iskar hunturu ka bugowa.

Na bature da na riƙa, shekarar hwari mun samu hure, ba kamar na hoto ba, ƙanana na kuma ba su jima ba zahi ya taso ganyen ya yi ɗorawa. Shekara ta biyu ɗarin bai yi ƙarhi ba, ganye kawai munka gani. Kin ji gaskiyar magana. Ni shawarata ki jira ƙarshen Nuwamba sai ɗari ya zamna sosai.

Uwar Biyu ta rubuta:

Kai Baba na gode Allah ya ƙara girma ya ja da rai, wallahi ina karantawa ina jin kunya, ashe ba abu ɗaya da na yi daidai. Amma wata maƙwabciyata da ta yi lakwal, wato boko, ta ce min sunan furen wai ma'anarsa kwaɗo, shi ya sa na yi ta zuba ruwa na ce ai kwaɗo ba ya ƙin ruwa. Ashe ni ce na nutsar da su. Malam Na Bakin Kasuwa zogale akwai shi gindi biyu a gidan, idona ne ke jin yunwa yanzu.

Tanti ta Liyon ta rubuta:

Ƙanwata sannu, na yi dariya da maganar kwaɗon nan amma maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba. Sunan daga Latin yake, ma'anarsa ɗan ƙaramin kwaɗo, don danginsa na daji da yawa a bakin ruwa da fadama suke fitowa a nan Turai. Sai dai shi wannan naki ba ɗan fadama ba ne, asalinsa daga gabashin tekun Bahar Rum yake, wajen su Turkiyya da Kubrus da Siriya har zuwa Iran, inda ruwan sama ke sauka lokacin sanyi, lokacin zafi kuma ƙasa ta bushe ƙamas. Shi ya sa ya saba da tsiro cikin sanyi, ya yi fure kafin zafi, zafi na zuwa ya zubar da ganye ya kwanta cikin busasshiyar ƙasa. Ki duba ki gani, mu a gida zafi da ruwa tare suke zuwa, abin da bai taɓa sani ba ke nan.

Nan Faransa ranonkul ake ce masa, daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu kasuwar fure cike take da shi, da yawa daga kudancin ƙasar ake kawowa da kuma wajen Sanremo a Italiya. A Amurka ma akwai wani gari Karlsbad a Kalifoniya da ke da gonarsa kusan hekta 20, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo daga Maris zuwa farkon Mayu. Duk wuraren nan bakin teku ne masu sanyi-sanyi mara tsanani.

Ni shekara 5 ina sa shi a baranda. Abin da ya fi so shi ne rana ta tsaya wajen digiri 15 dare kuma ya sauka ƙasa da 10, in zafi ya haura 25 ya ɗore kwanaki to ya fara shirin barci ko ya yi fure ko bai yi ba. Daga shuka zuwa fure wajen kwana 90 ne, in yanayi ya yi masa daɗi sai ya yi wata ɗaya zuwa sati 6 yana ba ki fure. To ke ki yi lissafi da sanyin Maraɗi, ni na san Disamba da Janairu muna rawar ɗari da asuba amma da rana fa ana kaiwa 30. Ban ce kar ki gwada ba, kawai kar ki sa ran irin na hoton fakiti.

Abu biyu da Baba bai taɓo ba. Na farko kuma shi ya sa ma na tsaya rubutu, furen nan yana da guba, ganye da kara da saiwar duka. Ruwan jikinsa yana sa ƙaiƙayi har da ƙuraje a fatar wasu, in aka ci kuma yana ƙona baki ya ɓata ciki. Ke da kike da ƴan biyu ga tumaki a gida, ki ɗora tukwanen inda hannu da baki ba sa kaiwa, busassun nan 12 ma kar ki aje su kusa da kayan yaji don wallahi wata sai ta ɗauka kayan ƙamshi ne ta jefa a turmi. Ki wanke hannu in kin taɓa. Af, Malam Na Bakin Kasuwa ƙariyar taka ma ai ruwan jikinta guba ne, kowa ya sani.

Na biyu, in Allah ya sa ya yi miki fure kar ki bar shi a rana ya ƙone. Da kin ga ƙullin furen ya nuna kala ya yi laushi in kin ɗan matsa amma bai gama buɗewa ba, ki yanke shi da sassafe da dogon kara ki sa a kwalba da ruwa cikin ɗaki, nan zai buɗe kuma yana kai sati ɗaya har fiye in kina canja ruwan. Yankan ma yana sa gindin ya turo wani. A gaida min mutanen gida, ina kewar kilishi da fura mai nono.

Ɗalibin Noma ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena. Ni ɗalibi ne ina karatun aikin gona a jami'ar nan ta Maraɗi, ban taɓa shuka wannan furen da hannuna ba amma ina so in sa baki a kan lissafin kwanakin, Baba a gafarce ni in na yi kuskure a gyara min.

In Hajiya ta jira ƙarshen Nuwamba ta sa busasshiyar saiwa a tukunya, kwana 90 zai kai ta ƙarshen Fabrairu, lokacin kuwa zafi ya riga ya fara dawowa, ana shiga Maris an wuce 35. Wato daidai lokacin da zai ɗaure fure zafi zai tare shi, ina jin shi ya sa na baturen ba su jima ba. In kuma ta yi sauri ta shuka farkon Nuwamba ƙasa ba ta huce ba sai a koma gidan jiya. Sanyinmu gajere ne bai kai kwanakin da furen ke nema ba, to sai a ciwo bashin sati biyun farko daga firigo, wato firji.

Masu nomansa don sayarwa suna tsirar da shi kafin su dasa. Bayan jiƙon awa 3 zuwa 4 da Baba ya ce, ki samu roba mai faɗi mara zurfi ki shimfiɗa rairai mai tsabta da ɗan danshi, danshin da in kin dunƙula a hannu ruwa ba ya ɗiga, ki jera su yatsu ƙasa ki rufe da wani rairan kaɗan. Ki sa a firigo a aljihun ƙasa inda ake sa tumati da salati, ba wajen ƙanƙara ba don ƙanƙara kashe shi za ta yi. Kwana 10 zuwa 14 za ki ga fararen saiwoyi sirara kamar zare sun fito. Ki riƙa leƙawa duk bayan kwana 2 ko 3, wanda ya yi fumfuna ko ya yi laushi ki cire ki yar kar ya shafi sauran. In an ɗauke wuta na ƴan awoyi ba matsala in dai ba a ta buɗe ƙofar. Ki rufe robar da murfi mai ƴan huji ki ɗaure ta ki gaya wa duk mutanen gidan ba abin ci ba ne, saboda maganar da Tanti ta yi.

Sai batun sanyaya tukunyar. Dabarar tukunya cikin tukunya, wadda wani malami Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan miya har ya samu kyautar Rolex a 2000, za ta yi aiki a nan. Ki sa tukunyar furen cikin wata babba ta ƙasa, ki cika tsakaninsu da rairai ki riƙa jiƙa rairan safe da rana. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin ta wajen iska na busar da shi, shi ke janye zafi, yadda randa ke sanyaya ruwa dai. Kuma ya fi aiki in iska busasshiya ce, ga hunturu ya zo a daidai. Amma ita ma babbar a huda gindinta a zuba tsakuwa a ƙasa, in ba haka ba ta cikin za ta zauna cikin ruwa a sake yin ruɓa. Wannan saiwa kawai yake sanyayawa ban da ganye, don haka inuwar rana da Baba ya ce tana nan daram.

Takin zamani kar ki sa sai ya yi ganye 4 ko 5. Irin 15-15-15 da ake samu a kasuwa, rabin ƙaramin cokali a narka a lita 5 na ruwa duk sati biyu, a kan ƙasa mai danshi. Takin ire, wato yuriya, kar ki yi kusa da shi, ganye zai yi ta yi ba fure. In kin ga darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan tsiro, a ƙarƙashin ganye ko a ƙullin furen, ki daka ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, ki jiƙa su kwana ki tace ki ɗan sa sabulu ki fesa da yamma. In kuma fari-fari kika gani a ganye kamar an barbaɗa gari, ki tsinke waɗanda suka kamu ki raba tukwanen iska ta riƙa ratsawa, amma ki fara shafawa da yatsa don ƙurar hunturu ma haka take yi.

Ni da ni ne sai in raba su 6 da 6. Kashin farko su shiga firigo wajen 1 ga Nuwamba a dasa tsakiyar wata, na biyu su shiga tsakiyar wata a dasa a ƙarshensa lokacin da Baba ya ce. Duk wanda ya dace da sanyin bana shi ke nan.

Mai Garka ya rubuta:

Yaro ka yi karatu, Allah shi yi albarka. Maganar hirigo ban san ta ba, mu zamaninmu bature bai nuna muna ba, amma ta shiga hankali. Raba su biyun ma daidai na, ko manomi ba ya zuba irinshi duka a ruwan hwari. Abu guda za ni ƙara, ranar da za ki hiddo su daga sanyin ga kar ki dasa da rana tsaka, ki bari sai bayan la'asar su kwana cikin sanyin dare, kuma kwana 3 na hwari inuwa zalla. Saiwar nan hwara ba ta son a murje ta, ki ɗauko da rairanta. Takin zamanin kuma ɗiyata in takinki na gida mai kyau na ko ba ki sa ba ba komi, ku sabbin shiga hannunku nauyi gare shi.

In zahi ya zo ganye ya yi ɗorawa kar ki ce ƙishi na ki ƙara ruwa, kwana za shi. Ki yanke ruwan, in ya bushe ki tone saiwar ki shanya a inuwa ki sa cikin ambulan ta takarda ba leda ba, ki aje wuri mai iska har baɗi. In sun hito ƙanana ƙwarai to sai ki lallashi Yayarki in za ta koma.

Na Bakin Kasuwa ya rubuta:

Tabɗi. Fure da firigo da tukunya biyu da zana da mai gadi, saura a yanka masa rago a raɗa suna. Hajiya in ya yi fure ki sa hoto ni kuma na yi alkawarin lemo kwali ɗaya.

Uwar Biyu ta rubuta:

Salamu alaikum, na dawo da labari, ku yi haƙuri na yi shiru yaran ne suka yi ta mura. Na bi shawarar ɗana Ɗalibi na raba su. Kashin farko na jiƙa su awa 3 da rabi ranar 2 ga Nuwamba, wallahi sun kumbura kamar ba su ba, na sa su a firigo cikin wata tsohuwar roba da na rubuta GUBA a jiki da babban baƙi, maigida ya buɗe firigo ya gani ya ce to ashe abin har ya kai nan. Guda 1 ya yi fumfuna a kwana na 5 na yar da shi, sauran 5 kuwa ranar kwana 12 na ga fararen zaren nan sun cika rairan, na yi ta kiran Yaya a waya kamar an yi min haihuwa.

Na dasa su bayan la'asar kamar yadda Baba ya ce, 3 a tukunya ɗaya 2 a ɗayar. Babbar tukunya guda ɗaya kawai na samu, tsohuwar randa ce da bakinta ya fashe, don haka masu 3 ne ke cikin randa masu 2 suna nan haka nan bisa bulo, zan ga bambancinsu. Yau kwana 9 da dasawa, guda 4 sun fito da ƴan ganye masu kama da na farsil, ɗaya har yanzu shiru amma ban tona ba na daure. Suna kan wani tsohon tebur a gefen gabas na kewaye su da zana, tunkiyar nan tamu ta zagaya sau biyu tana leƙe. Kashi na biyu suna firigo sai ƙarshen sati.

Abin da ke damuna yanzu tururuwa ce, ta gano rairan nan mai sanyi na cikin randa ta fara gida a ciki, ban sani ba ko za ta taɓa saiwar. In zuba maganin ƙwari irin na ɗaki ko kuwa?

Mai Garka ya rubuta:

A'a kar ki hesa mishi na ɗaki, ƙone ganyen za shi yi. Tururuwa ba ta cin saiwar, laima ta biyo, illa dai ita ka rainon darɓa don haka ki duba ƙarƙashin ganye. Ki jiƙa rairan da ruwan bedi kwana biyu a jere, ƙahwahun teburin kuma ki sa kowace cikin gwangwani da ruwa. Shi wanda bai hito ba ki ƙara mishi sati guda, in shiru sai ki tona a hankali da cokali.